Ruwan da Na Aika wa Inna

Watana bakwai a Doha ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba. Ina dai ganinsa ta gilashi idan na bi da Baba ta Kornish, titin da ya bi bakin ruwan, an yi masa katanga an jera masa fitilu. Baba shi ne kafilina, wato maigidan da takardun zamana ke hannunsa, Abu Rashid, ɗan kasuwa mai gida a Nu'aija. A nan duk mai aikin gida Baba yake ce wa maigida ko da ya girme shi, ni kuwa na ba shi shekara uku cur. Ejan ɗin da ya kawo ni ya rantse mini kamfanin mai zan yi wa tuƙi, sai da na sauka na tarar direban gida ne. Na haɗiye, domin shanun huɗar yayana biyu aka sayar aka yi mini hanya, ba ni da fuskar da zan koma in kalle shi da ita. Aka ba ni ɗaki a jikin gareji da makullin farar jif, kuma a wata bakwai ɗin nan ko ƙwarzane ban yi mata ba.

Ba yabon kai ba, ni ba direban jiya ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina jan tifa a gulbin Karaɗuwa, in shiga da ita har tsakiyar gulbi da rani a yi mini lodin yashi in fito. Na san yashin da ke riƙe mota, na san wanda ke cin taya. Na kuma san ruwa ba ya zuwa sai da sallama. Sai hadari ya haɗu a gabas, sai iska ta canza, sai ka ji ƙamshin ƙasa, sannan mu ce wa juna a fitar da motoci. Muddin sama tana fes, kana iya kwana a tsakiyar gulbi da motarka. Wannan ilimi shi ne abin taƙamata, kuma shi ya kai ni ya baro.

Inna ce ta aiko da saƙon murya ta wayar ƙanwata Saude. Gwiwoyinta sun matsa mata har ta koma salla a zaune. Wata mata ta gaya mata idan aka samu ruwan teku aka haɗa da man kaɗanya ana shafawa, ciwon yana sauka. Ta ce, “Haladu, tunda Allah ya kai ka bakin teku, ka samo mini ko gora ɗaya ce.” Tun da na zo ƙasar nan ba ta taɓa cewa in sayo mata ko ɗankwali ba. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma. Ga shi wani ɗan garinmu, Malam Lawal, zai tafi gida ran Lahadi, ya ce yana da wuri a jakarsa.

Na gaya wa Sabi'u. Sabi'u ɗan Zariya ne mai gadi a wani kamfani, a masallaci muka haɗu. Shekararsa uku a Qatar, idan yana ba ka labari sai ka ɗauka da shi aka yi shawarar gina ƙasar. Ya ce in ma cire ruwan Kornish daga raina, duk man jiragen ruwa ne, kuma ina durƙusawa da gora ɗan sanda zai tsaya a kaina. Ruwa mai tsabta sai arewa, wani ɗan gari gaba da Al Khor da ake kira Zakira. Ya ce ya san wurin kamar tafin hannunsa. Daga baya na gane a wayar wani ya taɓa ganin hoton.

Sai ga dama ta faɗo. Ran Juma'a da safe Baba ya ce in kai wa ƙanwarsa wasu dardumai Al Khor, in dawo kafin magariba. Ban ce masa zan biya ko'ina ba. Na wanke gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi na jefa a kujerar gaba, na zaga ta Asian Town na ɗauki Sabi'u a bakin kasuwa. Ya shigo ya miƙe ƙafa ya ƙure sanyi, yana ta ɗaukar kansa hoto. Muka sauke dardumai wajen ƙarfe goma, muka miƙe.

Zakira ɗan gari ne shiru. Gidaje masu launin ƙasa, masallaci, shaguna uku ko huɗu, sai wurin da ake ɗaure jiragen kamun kifi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne jiragen. Na gan su kwance a gicciye a kan ƙasa, da igiyoyinsu a ɗaure, babu ruwa ko na alwala a ƙarƙashinsu. Tekun yana can nesa, ɗan siririn layi yana ƙyalli. Tsakaninmu da shi fili ne fetal, shimfiɗe, mai ɗan danshi. Ina gani na ji kamar an kai ni gida. Na ce wa Sabi'u ashe su ma tekunsu yana janyewa da rani. Ya ce sosai ma, ai sai hunturu yake cika, ya sha gani.

Tafiyar ƙafa zuwa bakin ruwan ta yi mana nisa, ga rana. Na sauka na taka ƙasar, na murza ta a hannu, na ce wannan za ta riƙe tifa ma balle jif. Muna gangarawa wani tsoho Ba'indiye mai jan gemu na lalle, yana zaune yana gyaran kejin waya irin na kamun kifi, ya miƙe yana ɗaga mana hannu biyu yana magana. Na rage gudu. Sabi'u ya ce in rabu da shi, haka suke, sun ga baƙar fata a babbar mota ne abin ya tsone musu ido. Na ɗaga wa tsohon hannu na taka mota.

Mun yi tafiya mai ɗan dama a kan filin nan, sai na ji bayan motar ya yi nauyi. Na sa giyar taimako, ta yi gurnani ta ƙara zama. Na fito na duba. Saman ƙasar ne kawai mai tauri, ƙarƙashi baƙar laka ce mai wari, tayoyin baya sun nutse kusan rabi. Ko gezau ban yi ba. Mota ta kafe mini a gulbi ya fi a ƙirga. A rage iskar taya, a samo katako ko duwatsu a sa, shi ke nan. Ana cikin haka muka ji an fara kiran sallar Juma'a daga cikin gari. Na ɗaga kai na dubi sama gabas da yamma, kudu da arewa. Babu gajimare ko ƙanƙani. Na kulle mota, gorar tana kan kujera, na ce mu je mu yi salla mu dawo da katako.

Muka yi salla. Da muka fito Sabi'u ya ce yunwa yake ji, kuma ba a aikin laka da cikin wofi. Muka shiga wani ɗan shagon Indiyawa muka ci gurasarsu mai mai da wake, muka sha shayin karak kofi bibbiyu. Ni da bakina na ce a ƙaro na biyun. Muka tsaya bayan wani gini da ake yi muka roƙi katako biyu, kowa ya saɓa ɗaya a kafaɗa, muna tafe muna gardamar ƙwallo.

Da muka zagayo bayan masallaci na tsaya cak. Na ɗauka hanya muka ɓata. Filin nan babu shi. Jiragen da na bari kwance a ƙasa duk sun miƙe suna rangaji a kan ruwa. Ruwa ne ko'ina, har gindin duwatsun da tsohon nan yake zaune. Can tsakiya kuma ga wani farin abu, rana tana dukan gilashinsa. Sai da na kalle shi sau uku kafin zuciyata ta yarda motar Baba ce.

Katakon ya zame daga kafaɗata ya daki ƙafata, ban ji zafi ba sai washegari. Na sake ɗaga kai sama, wallahi sai da na sake dubawa. Fes take. Ba a yi ko yayyafi ba. Na ce, “Sabi'u, daga ina ruwan nan ya zo?” Mutumin da ya san wurin kamar tafin hannunsa ya saki baki yana kallon ruwan kawai.

Ban san lokacin da na faɗa ruwan ba, da kayan Juma'ata da takalmina. Ni ban iya iyo ba, mu direbobin gulbi da rani muke shigarsa. Ruwan ya kawo gwiwa, ya kawo ƙugu, laka ta cire mini takalmi ɗaya, ina ta kutsawa kamar idan na isa akwai abin da zan iya yi. Da ya kawo ƙirji na taka wani rami na nutse, na sha ruwan teku karon farko. Ashe haka yake da gishiri, har cikin hanci. Na taso ina tari, na sake komawa. Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Tsohon nan ne a cikin ɗan kwalekwalensa. Ya ja ni ciki kamar buhu, yana ta faɗa da yarensu, ko kalma ɗaya ban gane ba amma na san na cancanci kowace.

Da na daina amai ya koma Larabcin kasuwa, irin wanda ni ma nake ɗan tsinta. Ya nuna ruwan, ya tura hannu gaba, ya jawo shi baya, ya ɗaga yatsu biyu. Kullum, in ji shi. Kullum sau biyu yake tafiya ya dawo, da rani da hunturu, tun da Allah ya yi duniya. Na zauna a cikin kwalekwalen nan ina kallon ruwan. Shekarata arba'in da ɗaya, ina da 'ya'ya huɗu, ban taɓa jin wani ya faɗi wannan magana ba, ko a makaranta ko a tasha. Kowane yaro a garin nan ya san ta.

Ya tuƙa mu har jikin motar. Ruwa ya shanye tayoyi ya haura rabin ƙofa. Na leƙa ta gilashi na ga ya cika ciki har saman kujeru, carbin Baba da kwalin tishu suna yawo. Makullin ya ƙi aiki, sai da na zaro ɗan ƙarfen ciki na buɗe da hannu, muka taru muka ja ƙofar. Na kwaso takardun mota a jiƙe. Gorar Inna ta taso ta zo ta daki hannuna, babu komai a cikinta.

Tsohon ya tambaye ni me ya kawo ni nan, kifi nake nema? Na nuna gorar. Na ce uwata, na dafa gwiwata, na ce ciwo, na kwatanta shafawa. Ya daɗe yana kallona. Faɗan ya bar fuskarsa. Ya karɓi gorar ya kwance murfin, ya miƙa hannu cikin motar, daidai wurin da nake zama in riƙe sitiyari, ya dulmiya ta har ta cika. Ya ɗaure murfin tam ya goge ta da gefen zanensa ya miƙo mini da hannu biyu.

A bakin gaɓa Sabi'u ya samu bakin magana. Ya ja ni gefe ya ce in saurare shi da kyau. Motar nan ta mutu, ruwan gishiri ba ya barin inji. Idan na kira Balaraben nan, daga nan sai ofishin 'yan sanda, daga can sai jirgi. Ya ce in kashe waya in bi shi, akwai ɗakin da ake ɓoye mutane a bayan Sana'iyya, unguwar masana'antu, ana samun aikin dako. Ko kuma in ce na shiga salla aka sace motar. Na ce masa wane ɓarawo ne zai saci mota ya kai ta cikin teku ya kulle ya kawo mini makulli? Ya ce to shi dai yana da aiki ƙarfe shida, kuma don Allah kada sunansa ya fito. Ya tare wata motar haya ya shige. Na bi motar da kallo har ta sha kwana. Abin nan ya girgiza ni kusan kamar ruwan, domin a faranti ɗaya muka ci abinci awa biyu da suka wuce.

Wayata tana aljihun gaba, ta sha ruwa ta mutu. Tsohon ya kai ni wata rumfa, ya ba ni zane irin nasu na ɗaura, ya shanya kayana a kan keji, ya miƙo mini tasa wayar. Lambar Baba tana kaina. Na danna na goge, na danna na goge. Ina tuna yayana da shanunsa, ina tuna yadda zan sauka a tashar garinmu da jaka ɗaya mutane suna tambaya ya Qatar. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Tsohon ya ce yalla, wato maza, ya danna mini kiran da kansa.

Na ce, “Baba, Haladu ne. Mota tana cikin teku.”

Ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa. Ya tambayi ko na kaɗe wani, na ce a'a. Ya tambayi wurin, ya kashe.

Bayan la'asar ya iso da ƙaninsa. Lokacin ruwan ya kai gilashi, rufin motar kawai ake gani sosai. Mutanen gari sun taru, wasu suna ɗauka a waya. Baba ya tsaya a kan duwatsu da farar jallabiyarsa, hannu a baya, ya daɗe yana kallon motarsa. Na gwammace ya mare ni. Ni kuwa ina gefe da zanen aro, ƙafa ba takalmi, rungume da gora. Daga ƙarshe ya juyo ya ce wa ya aike ni nan. Na ce babu. Ya ce ban ga ruwa ba? Na ce lokacin da na shiga babu ruwa, kuma na duba sama babu hadari. Ƙanin nasa ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa. Baba bai yi dariya ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce me ya haɗa sama da teku?

Ta yaya zan yi masa bayanin gulbin Karaɗuwa da Larabcin da bai wuce na dama da hagu ba? Tsohon ne ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, yana nuna gorar, yana dafa gwiwa. Baba ya saurara. Ya kalli gorar, ya kalli motarsa. Ya miƙo hannu, na ɗauka gorar yake so, ashe makulli. Na sa masa a tafin hannu. Ya ce halas, wato shi ke nan, in shiga bayan motar da suka zo da ita mu tafi. Na mayar wa tsohon zanensa na sa kayana da ɗanshinsu. Na nemi in ba shi wani abu ya ture hannuna. Har yau ban san sunansa ba.

Washegari da ruwa ya janye aka sa janwe ya fito da ita. Ba ta sake tashi ba.

Kwana goma sha biyu na yi a ɗakin gareji ba a ce mini ci kanka ba. Mai aikin kicin tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Duk motar da ta tsaya a waje sai in ce 'yan sanda ne. Na haɗa jakata tun daren farko. Fita ɗaya na yi, ran Asabar, na hau bas na kai wa Malam Lawal gorar. Na naɗe ta da leda uku da salatif, na ce ya sa ta a tsakiyar kaya, kuma ya kai ta hannun Inna da kansa. Ya ce ruwa ne kawai fa, Haladu, kake wannan rawar jiki? Na ce eh, ruwa ne kawai.

Rana ta goma sha uku Baba ya kira ni falo. Ya ce ba zai kai ni ƙara ba, ba kuma zai mayar da ni gida ba, saboda na kira shi da bakina ban gudu ba. Amma ba zan sake riƙe masa sitiyari ba, kuma duk wanda ya tambaye shi game da tuƙina zai gaya masa gaskiya. Ya sa hannu a takardar canjin aiki ya turo mini. Na yi godiya, na fito na zauna a bakin gareji na yi kuka, rabi na sauƙi rabi na baƙin ciki.

Yanzu gadi nake yi a wani wurin gini a Al Wukair. Awa goma sha biyu a tsaye, ina ɗaga wa tifofi ƙarfen ƙofa suna shiga da yashi suna fita. Wani lokaci idan direba ya kasa yin baya da kyau sai in ji hannuna yana motsi shi kaɗai. Ɗaki ɗaya muke mu shida. Na taɓa hango Sabi'u a Asian Town, ya shige wani shagon waya ya yi kamar yana taya caja. Ban bi shi ba.

Sati uku bayan tafiyar Malam Lawal, Saude ta kira ni ta bidiyo ta miƙa wa Inna. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, gorar tana gefenta, an yi amfani da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ta ce kullum bayan asuba take shafawa, kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare, kuma jiya ta yi raka'a biyu a tsaye. Ko ruwan ne ko man kaɗanyar ne ko ƙarfin zuciya, ni ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Maƙwabta suna ta zuwa roƙon ko cokali ɗaya, ta hana. Ta sa mini albarka har sai da Saude ta ce kati zai ƙare. Ta tambayi maigidana da babbar motar nan da na turo hotonta, na ce duk lafiya. Na matsar da wayar kusa da fuskata don kada ta ga rigar gadi.

Sai ta ɗaga gorar ta kalle ta a hasken rana, ta ce, “Allah sarki. Ka dai sha wahalar zuwa ɗebo shi ko, Haladu? An ce tekun da nisa.”

Na ce, “A'a Inna. Shi ya zo ya same ni har cikin mota.”

Ta yi dariya ta ce wa Saude, ji yayanki da zolaya, har yanzu bai daina ba.